Habbatus Sauda Da Garkuwar Jiki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa, darasinmu na wannan mako a kan habbatus sauda ne, watau baƙar ƙwayar nan da ake sayar da ita, ko manta, a ƙofar masallatai, ana cewa tana ƙarfafa garkuwar jiki. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, wani ɗalibina ya kamu da tarin fuka, likita ya ɗora shi a kan magani na wata 6. Da ya ji sauƙi a wata na biyu sai ya ajiye, ya koma shan man habba da zuma, yana kafa hujja da hadisi. Tarin ya dawo, har ya fi na dā tsanani.

Hadisin kam ingantacce ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, ma'anarsa ita ce, a cikin wannan ƙwaya akwai waraka daga kowace cuta in ban da mutuwa. Ba mu da ja a nan. Inda ake bukatar natsuwa shi ne kalmar Larabci "kullu", wadda muke fassarawa da "kowane". Duk wanda ya karanci harshen ya san Larabawa sukan faɗe ta suna nufin wani sashe kawai. Dubi Suratul Ahkafi, aya ta 25, inda aka ce iskar da aka aika wa Adawa tana ruguza kome, amma a cikin ayar nan dai aka ambaci cewa gidajensu sun saura. Haka nan a Suratun Namli, aya ta 23, an ce an bai wa sarauniyar Saba'i daga kome, alhali kuwa ba a ba ta mulkin Annabi Sulaimanu ba. Saboda haka Imam Haɗɗabi, wanda ya rasu a shekara ta 388 bayan hijira, ya ce lafazin hadisin gamamme ne amma keɓantacce ake nufi. Ibnu Hajar ya kawo wannan a Fathul Bari, ya kuma kawo maganar Ibnu Abi Jamra wanda ya ƙi yarda da keɓancewar. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga Haɗɗabi.

Ko ma wane ra'ayi mutum ya ɗauka, hadisin bai faɗi awo ba, bai kuma hana zuwa wurin likita ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi ya yi ciwo, Manzon Allah da kansa ya umurce shi ya tafi wurin Harisu ɗan Kalada, likitan Banu Saƙifa.

To, me masana suka gani? Sun sami wani sinadari a cikin man habba mai suna timokwinon, wanda yake rage kumburi. Amma yawancin gwajin a kan dabbobi aka yi shi, ko a kan mutane kaɗan, bai kuwa nuna tana kashe tarin fuka ko ƙanjamau a jikin mutum ba. Garkuwar jiki runduna ce ta fararen ƙwayoyin jini, tana bukatar abinci mai gina jiki da isasshen barci, allurar rigakafi kuma ita take koya mata gane abokin gaba. Manyanmu sun san agana da zanzanar da take bari a fuska. Da rigakafi aka kawar da ita, aka sanar da ƙarewarta a duniya a 1980.

Wanda ke son shan habba don bin sunna ya sha, kaɗan, ladansa na nan in Allah ya so. Amma fa tana iya saukar da sukari da hawan jini, don haka mai shan maganin waɗannan cututtuka ya gaya wa likitansa tukuna. Mai ciki ta guji shan man da yawa. Zumar da ake haɗawa da ita kuwa, kada a bai wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

Ɗalibin nan yanzu ya koma asibiti, an sake masa magani daga farko. Muna roƙon masu karatu su sa shi a addu'a.