Darasin tarihi: Gidan Mambayya a Kano

Kowace shekara, in an gama tattara amfanin gona, samari da magidanta na ƙasar Tasawa da Mayahi sukan tafi ci-rani Kano. Wasu su bi ta Maraɗi da Ɗan Isa, su ratsa Jibiya da Katsina. Wasu su bi ta Matamai da Daura. Sun san kasuwar Kurmi, sun san Kantin Kwari, sun san Dawanau inda ake cinikin hatsi da wake. Amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa shiga wani gida da ke unguwar Gwammaja, wanda ake kira Gidan Mambayya. A kan wannan gida darasin yau yake.

Gidan Malam Aminu Kano ne. Mambayya laƙabin mahaifiyarsa ne, shi aka sa wa gidan. An haifi Malam Aminu a Kano cikin 1920. Ya yi karatun allo, ya yi na boko, ya zama malamin makaranta a Bauci, sannan a Maru. Har Ingila ya je ƙaro ilmi. A lokacin nan Turawan Ingila ke mulkin Najeriya, kamar yadda Turawan Faransa ke mulkin Nijar.

Ran 8 ga Agusta 1950 wasu mutum 8 suka kafa jam'iyya a Kano, sunanta NEPU. Malam Aminu ya bar aikin koyarwa ya shige ta, cikin 1953 ya zama shugabanta. Abin da jam'iyyar ke faɗi bai da wuyar ganewa. Ta ce Bature ya tafi. Ta kuma ce tafiyar Bature kaɗai ba ta isa ba, in dai talaka zai ci gaba da noma gandun mai sarauta a banza, ana aza masa haraji da jangali fiye da ƙarfinsa, ana ɗaure shi ba da haƙƙi ba. Haraji shi ne abin da a nan ake ce wa lanho. Wannan magana ta biyu ita ta jawo wa ƴan NEPU wahala. An yi wa da yawa bulala, an kai da yawa gidan kaso, wasu sun bar garuruwansu. Mata ma ba su tsira ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri sau da yawa saboda ta ce mata su fito su yi zaɓe.

Alamar NEPU tauraro ce, kirarinta kuwa Sawaba. Alamar abokiyar hamayyarta NPC, jam'iyyar Sardauna, fartanya ce. Yawancin masu zaɓe a zamanin nan ba su iya karatu ba, sai su dubi alama su jefa ƙuri'a. Wanda bai iya karatu ba kuwa, ko an musanya masa takardar lanho ba ya sani.

Najeriya ta sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960. NPC ce ta riƙe gwamnati, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama firaminista. Malam Aminu ɗan majalisa ne kawai. Bai taɓa zama shugaban ƙasa ba, ko da ya tsaya takara cikin 1979 a jam'iyyar PRP mai alamar mabuɗi. Amma a shekarar nan jam'iyyarsa ta ci jihar Kano da jihar Kaduna, gwamnonin biyu suka soke haraji da jangali. Abin da aka fara nema cikin 1950, sai bayan shekara 29 aka same shi.

Ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, aka rufe shi cikin gidansa.

Abin da baƙo zai gani

Yau gidan yana hannun Jami'ar Bayero ta Kano. Cikin shekarar 2000 aka mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. An yi sababbin gine-gine kewaye da shi. Akwai ɗakin littattafai, akwai babban ɗakin taro mai sunan Sa'adu Zungur, abokin gwagwarmayar Malam Aminu. Kowace shekara ana taron tunawa da shi a nan.

Amma tsohon gidan shi ne abin kallo. Baƙo zai ga ɗakunan da Malam ya zauna, da kayansa, da littattafansa, da hotunan zamanin. Zai ga kabarinsa. Mutumin da ya yi kwamishinan gwamnatin tarayya zamanin Gowon, wanda aka sa wa filin jirgin saman Kano sunansa, ga iyakar gidan da ya bari. Attajirin hatsi na kirki a Tasawa yana iya gina irinsa. Wannan ba a gane shi sosai cikin littafi, sai mutum ya tsaya a ƙofar ɗakin ya auna da idonsa.

Mai zuwa ziyara ya tafi da safe, ranar aiki. Ya riƙe katin ɗan ƙasa. Ya yi sallama wurin ma'aikata, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto. Ba a taɓa kayan da aka ajiye. A bakin kabari addu'a ake yi, ba hira ba. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya tafi da takarda da alƙalami, ya rubuta sunaye da shekarun da ya gani.

Ina ruwan mutumin Mayahi da gidan Kano?

Kalmar Sawaba ba ta tsaya bakin iyaka ba. A Nijar ma an yi jam'iyyar Sawaba, ta Jibo Bakari, mai alamar raƙumi. Abokiyar hamayyarta ita ce RDA ta Diori Hamani, mai alamar giwa. Ran 28 ga Satumba 1958 Faransa ta tambayi jama'a: i ko a'a? Sawaba ta ce a'a, a ba da mulkin kai nan take. RDA ta ce i, a bi sannu. Masu i suka rinjaya. Aka kafa jamhuriya ran 18 ga Disamba 1958, aka hana Sawaba aiki cikin 1959, wasu ƴaƴanta suka ƙetare zuwa Kano, ƴan NEPU suka karɓe su. Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami mulkin kai, Diori ya zama shugaba. Yau filin jirgin saman Yamai sunan Diori gare shi, kuma cikin 2024 aka sa wa wani babban titin birnin sunan Jibo.

Ƙasar Tasawa ma tana da wuraren tarihinta. A Maijirgi akwai kabarin Bule da na Shanuwan, hafsoshin Faransa biyu da suka ƙone garuruwa suka kashe bayin Allah cikin 1899, har sojojinsu suka juya suka harbe su. Mutanen Kano sun adana gida guda da kayan cikinsa. A nan kuwa, tsohon katin jam'iyya, da takardar lanho, da hoton kaka, suna cikin adaka gara na ci. Wanda yake da shekara 20 ranar i ko a'a, yau ya haura 85. Irinsu saura kaɗan a kowane ƙauye.

Aikin ɗalibai

Kowace cibiyar yaƙi da jahilci ta nemi tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya da ta ga 1958. A tambaye su wa ya zo garin neman ƙuri'a, da raƙumi ya zo ko da giwa, kuma nawa ake biyan lanho a lokacin. A rubuta amsar da Hausa, a sa sunan gari da ranar da aka yi hirar, a miƙa wa malamin cibiya. A lissafi kuma: daga 1899 zuwa 1960 shekara nawa ke nan?