Araha Ma Tana da Lissafi, Jikata

Amaryata, ranar da kika zo gaishe mu na lura rabin hankalinki yana wurinmu, rabi yana kan waya. Da na tambaya, kika ce garaɓasa ake yi, an zabge rabin kuɗin wata tukunyar lantarki, kuma saura awa biyu a rufe. Ban tanka ba, don uwargidanki tana zaune, kin kuwa san halinta, yanzu sai ta ce ni na shagwaɓa ki. Amma maganar ta kwana a raina. Shekara arba'in da 'yan kai na yi ina buɗe shago a Kantin Kwari, kuma in akwai karatun da na sauke a can, to shi ne yadda ake sa mai saye ya koma gida yana murna, ko shi ya ci riba ko shi aka ci.

Kada ki ɗauka faɗa zan yi miki don kina neman sauƙi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sauran kaya suka rufa mata baya. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100. Ke ba sai an karanta miki ba, kina gani a kuɗin cefanen da yaron nan da ya ƙwace min ke yake ajiye miki kullum safe. Neman araha ya zama dole. Sai dai shi ma sana'a ne, wanda bai iya ba asara yake kwasowa yana godiya.

Bari in tona miki asirinmu. A ce turmin atamfa ya kamata ya tashi a naira 10,000. Ba daga nan muke farawa ba. Sai mu ce 14,000, don mu bar wa mai saye filin tayi. Ya taya 9,000, mu ce albarka. Ya ƙara, mu sauko, har a tsaya a 11,000, mu yi ajiyar zuciya mu ce mun sallama saboda mutunci. Sai ya fita yana ganin ya ƙwaci dubu uku a hannunmu, alhali dubu ɗaya ya ɗora mana. Ban ce abin yabo ba ne, Allah Ya yafe mana, amma haka kasuwa take. Wadda ba ma iya yi wa haka ita ce matar da kafin ta iso wurinmu ta riga ta taya a shago uku. Da ta buɗe baki mun san ta san kuɗin kaya, sai mu daina wasa.

To wannan lambar da kike gani a waya an ja mata layi, an rubuta wata ƙarama a gefenta, ita ce 14,000 ɗinmu. Bambancin kawai mu muna da baki, ana iya ja da mu, waya kuwa ba a taya mata. Mai kaya ne ya rubuta tsohon kuɗin da hannunsa, shi ne kuma ya soke shi. Wani da gaske ya rage. Wani kuwa ana saura mako biyu garaɓasa ya ɗaga kuɗin, don ya sami abin da zai sauke. Ba yadda za ki bambance su sai kin san nawa ake sayar da irin tukunyar nan yau a kasuwar Sabon Gari. Kira ɗaya ya ishe ki, ko ki aiki ƙaninki ya tayo miki in ya taso makaranta.

In kin ji kuɗin kasuwa, sai ki haɗa lissafin har ƙofar gida. A ce a waya 12,000 ce, kuɗin kawowa 3,500. A kasuwa 13,500 ce, kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa 1,000, kuma kin taɓa ta da hannunki, an jona ta a wuta a gabanki kin ga ta kama. Wace ce mai arahar? Wani lokacin kuma wayar ce ke yin nasara, musamman a kayan da babu su a nan ko waɗanda 'yan kasuwarmu ke tsawwala wa kuɗi don sun san ba su da yawa. Ni ba gaba nake da intanet ba. Tun 2012 da Jumia da Konga suka buɗe a Legas mutane ke saye suna jin daɗi, ga Jiji inda ake haɗa mai saye da mai sayarwa, ga Temu ta 'yan Sin da ta shigo Najeriya a ƙarshen 2024. Kasuwanni ne kamar kowace kasuwa, akwai na kirki a ciki, akwai 'yan damfara a raɓe.

Agogon nan mai ƙirga miki mintoci shi ya fi ba ni dariya, don mu ma muna da shi, da baki muke kaɗa shi. "Hajiya, shi ke nan ya rage, yanzun nan wata ta taya ta ce za ta dawo." Sau nawa na ji an faɗi haka alhali akwai dila guda a sito! Manufar ita ce a hana ki tunani. Maganinsa kuwa ba wuya: ki zuba kayan a kwandon nasu, ki kashe wayar, ki bar shi ya kwana uku. In har bayan kwana uku kina tuna shi ba tare da waya ta tuna miki ba, to wataƙila kina bukatarsa. Za ki yi mamakin yawan abin da za ki manta. Garaɓasa kuwa ba ta ƙarewa, gobe ma za a yi wata. Ko babbar tasu ta watan Nuwamba, wadda suka aro daga Amurka suke kira Black Friday, yanzu makonni ake yi ana yin ta. Sunan ma ni bai taɓa kwanta min ba, Juma'a babbar rana a ce mata baƙa. A ƙasashen Larabawa wasu kantuna Farar Juma'a suka mayar da ita.

Yanzu ki saurara da kyau, ga inda arahar gaskiya take. Ɗan kasuwa ba abin da yake tsoro kamar kwantai. Kaya in suka zauna, jari ne ya yi barci, ga kuɗin haya yana tafiya, ga sabon kaya ya iso ba kuɗin ɗauka. A irin wannan lokaci ne muke sayarwa a kan uwar kuɗi, wani sa'in har da faɗuwa, mu dai mu ga kuɗi sun juya. Yaushe ke nan? Bayan Sallah, in kowa ya ɗinka ya gama. Zanen da aka yi rububinsa a goman ƙarshe na azumi, in kika dawo bayan wata guda za ki same shi ya sauko, ba abin da ya same shi illa an ce ya daina yayi. Yayi kuwa ba ya rufe jiki, zane ke rufewa. Uwargidanki, duk da tsiyar da nake mata, a nan ta fi ku: kayan Sallar yara tun Rajab take saye, ta kai wa tela yana zaune yana hamma, a ɗinka mata a natse ba tare da an ƙara mata ko sisi ba. Haka rigunan sanyi, in hunturu ya wuce a kasuwar Ƙofar Wambai sai ki zaɓa ki darje. Gwanjo ba abin kunya ba ne in an wanke an goge.

Abin masarufi kuma sari ne maganinsa. Taliya, sabulu, sukari, man girki, ku haɗu ku uku ko huɗu da maƙwabtanki ku ɗauko katan a kasuwar Singa ku raba, ya fi sayen ɗaiɗai a shagon bakin layi nesa ba kusa ba. Hatsi a saya da kaka, lokacin da kasuwar Dawanau ta cika ta batse. Amma na ci nake nufi, ba na ɓoyewa don jiran tsada ba. Waɗanda suka tara masara suna jiran ta ninka sun ji a jikinsu a 2025 da farashi ya faɗo.

In kika shiga manyan kantunan nan masu sanyi kika ga an jera madara ko biskit a bakin ƙofa an rage musu kuɗi, juya gwangwanin ki duba ranar lalacewarsa. Sau da yawa saura kaɗan ne. In abin da za ku cinye a mako ne, bismillah, kin tsinci dami a kala. In kuwa katan za ki ɗauka saura wata ɗaya, kin sayi abin zubarwa. Magani da man shafawa da abincin jarirai kuwa, waɗannan ba a bin araha a kansu ko kaɗan. Ki duba lambar NAFDAC, ki saya a inda aka sani.

Ni kaina da nake wannan surutu an ci ni. Wata bazara da zafi ya ishe mu, na sayi fanka mai caji a wani shago don na ga ta fi ko'ina sauƙi. Wata biyu batir ya mutu. Na koma na sayi irinta, don a raina ai ba ta da tsada. Kafin damina ta tsaya ita ma ta bi 'yar'uwarta. Da na haɗa kuɗin biyun da na mai gyara, sun wuce kuɗin mai kyau ɗin da na tsallake tun farko. Uwargidanki har yau in ta so tsokanata sai ta ce ina fankokin Alhaji. Da gaskiyar masu iya magana da suka ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Abin da za ki yi shekaru kina mora, kamar tukunya, katifa, keken ɗinki, a nan ake runtse ido a biya. Abin da yaro zai girme shi cikin wata shida, a nan ake bin mai sauƙi.

In za ki saya a waya, karanta abin da waɗanda suka riga ki saye suka rubuta, ki fara da masu ƙorafi da waɗanda suka sa hoton abin da aka kawo musu, don hoton mai talla kwalliyar amarya ce. Ki san kwana nawa aka ba ki na mayar da kaya. Inda aka yarda a biya bayan an kawo, zaɓi wannan. Masu talla a WhatsApp da Instagram da ba ki san shagonsu ba, ba ki san wanda ya san su ba, kada ki tura musu kuɗi don sun ce saura ɗaya. Lambar sirrin katinki da lambar da banki ke turo miki ba ta kowa ba ce, ko da mai kiran ya ce kyauta kika ci. In kuma kamfani ya cuce ki, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ana kai mata ƙara, shi ya sa ake adana rasit. Bashi kuwa don a sayi abin da aka yi wa ragi, musamman na manhajojin nan masu ɗora ruwa, ko kusa kada ki je. Kuɗin adashinki ma ki sa musu suna tun kafin kwasarki ta zo.

Akwai wani abu da ke sosa min rai, kuma na ga kina yi. A babban kanti an rubuta kuɗi, kin biya ba ki ce uffan ba. A waya ma haka. Amma tsohuwar da ke kawo miki kuka da daddawa, ko yarinya mai tallan gyaɗa, sai kin ja da su a kan naira hamsin, kuma ki nemi gyara. Wannan hamsin ɗin ba za ta gina miki komai ba, ita kuwa wataƙila ita ce ribarta duka. Ƙarfin tayinki ki kai shi wurin irinmu masu shago, mun saba, ba ma jin ciwo.

Tukunyar nan dai ban sani ba ko kin riga kin danna. In ba ki danna ba, bar ta zuwa Asabar. Ki zo da wuri, ki taho da wayar, in sa ƙaninki ya kai mu Sabon Gari mu taya ta a shago uku. Ki gaida maigidan naki, ki ce masa har yanzu ban yafe ba.