Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Alƙalai Ke Auna Farar Giyar Beljiyam?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a birnin Leuven na ƙasar Beljiyam. Ba na shan giya, amma maƙwabcina ya yi wata a gida, fara-fara kamar ba a tace ta ba, ya kai gasa har ya samo lambar yabo. Me alƙalan suka gani a cikinta? Ko kuwa son rai ne kawai?

Amsa: Ɗan'uwa, madalla da tambaya. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, amma wanda ke zaune cikin mutanen da UNESCO ta sa al'adar giyarsu a jerin al'adun gado na bil'adama a 2016 yana da dalilin son fahimtar abin da suke yi. Amsar a taƙaice ita ce: alƙalin giya ba ya tambayar kansa ko abin ya yi masa daɗi. Abin da yake bincika shi ne ko giyar ta cika sharuɗɗan jinsinta.

Wadda maƙwabcinka ya yi ita ce witbier, farar giyar alkama. Kusan rabin hatsinta ɗanyar alkama ce da ba a bari ta tsira ba, sauran kuma tsiron sha'ir. Ana zuba 'ya'yan koriyanda da busasshen ɓawon lemu, galibi mai ɗaci irin na tsibirin Curaçao. Ƙarfinta kan tsaya tsakanin kashi 4.5 zuwa 5.5 cikin 100. Gidanta na asali ƙauyen Hoegaarden ne, kusa da Tienen, tafiya kaɗan daga inda kake. Ta taɓa mutuwa a can: masana'anta ta ƙarshe, ta Tomsin, ta rufe a 1957. Wani mai sayar da madara, Pierre Celis, wanda ya taɓa taimakawa a masana'antar yana saurayi, shi ya farfaɗo da ita a 1966. Yawancin abin da alƙalai ke nema a yau daga giyarsa aka koya.

Gasanni da yawa na masu yi a gida suna amfani da takardar BJCP, ƙungiyar horar da alƙalan giya da aka kafa a Amurka a 1985. Makin 50 ne: ƙamshi 12, kama 3, ɗanɗano 20, yadda take a baki 5, sai 10 na hukuncin gaba ɗaya. Alƙali ba ya ganin sunan mai ita, lamba kawai ke jikin kwalba.

Abin da ya dame ka, wato rashin tacewa, maki uku ne kacal ya shafa, kuma a nan ma ba aibi ba ne. Sitaci da furotin na ɗanyar alkama, tare da yis ɗin da ba a cire ba, su ke ba ta wannan launi na fari-fari mai ratsin rawaya. Kamar kunun zaƙi ne: in ka ga ya zama garau, ka san an rage masa wani abu. Alƙali zai so ya ga kumfa fara sol, mai kauri, wadda ba ta saurin kwanciya.

Da hanci ake farawa, tun kafin a duba launi, domin ƙamshi shi ne mai saurin gudu. Ana neman ƙamshin hatsi mai ɗan zaƙi, da na lemu, da na koriyanda a bayansu. A nan da yawa daga masu yi a gida ke faɗuwa, kuma a ganina a nan gwanintar take. Mutum ya ji an ce da kayan ƙamshi, sai ya cika hannu. Koriyanda in ta yi yawa, ko ta tsufa, takan koma warin sabulu ko na ganyen miya, wani lokaci har kamar na nama. Ɓawon lemu in an haɗa da farar tsokar cikinsa, sai ya kawo ɗaci mai maƙale wa maƙogwaro. Giyar da alƙali zai kurɓa ya ce nan take "ga koriyanda" ta riga ta yi asarar maki. Wadda za ta ci gasa ita ce wadda sai ya tsaya ya lalubo kowane sinadari, saboda babu wanda ya danne ɗan'uwansa.

A baki ana so ta yi santsi, da ɗan maiƙo-maiƙon alkama, iska kuma tana tsattsarga harshe. Ɗan tsami kaɗan abin so ne. Ɗacin furen hop ya zama ƙasa-ƙasa, ta kuma ƙare a bushe ba tare da bauri ko danƙon sukari ba. Tsufa ma laifi ne, don wannan giya ba ta jure ajiya, ƙamshinta kan dushe cikin watanni.

Akwai kuskuren da ake yawan yi na haɗa ta da giyar alkama ta Jamus. Waccan da tsiron alkama ake yin ta, ba a sa mata kayan ƙamshi, kuma ƙamshin ayaba da kanumfarin da ke cikinta daga yis yake fitowa. In alƙali ya ji ayaba ta yi ƙarfi a witbier, zai rage maki ko da giyar ta yi daɗi. Yankan lemun da za ka gani a bakin kofi a wasu wurare kuwa al'adar Amurka ce da giyar Blue Moon, wadda ta fito a 1995, ta yaɗa. Ba a kawo shi teburin gasa.

Ka san kuma alƙalin giya haɗiyewa yake yi, saɓanin mai ɗanɗana ruwan inabi da ke tofarwa, domin ɗacin ƙarshe da abin da ya rage a baki suna cikin abin da ake ba wa maki. Saboda haka aikin ba na wanda ba ya sha ba ne. In kana so ka ga yadda aka yanke hukuncin, roƙi maƙwabcinka ya nuna maka takardun da alƙalan suka mayar masa, domin a ƙarƙashin kowane sashe sukan rubuta dalilin makin da suka ba shi.