MUDU BIYU A GIDA ƊAYA

Karatu: Amos 8:4-7, Maimaitawar Shari'a 25:13-16, Luka 19:1-10

Akwai masu bi da yawa waɗanda ba sa fasa sujada ranar Lahadi, suna ba da baiko, suna kuma cikin ƙungiyoyin ekklesiya, amma idan gari ya waye ranar kasuwa sai su ɗauki wani hali dabam. Wani yana da mudu biyu: babba na saye daga hannun manomi, da ƙarami wanda aka bubbuga gindinsa na sayarwa. Wata takan jera manyan tumatir a saman kwando ta ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Wani kuma yakan gauraya tsohon wake da sabo. Idan aka yi magana sai a ce, ai haka kasuwa ta gada. To, me Littafi Mai Tsarki ya koyar a kan wannan?

Abin da Amos ya gani

Amos makiyayi ne daga Tekowa ta ƙasar Yahuza. Allah ya aike shi zuwa mulkin Isra'ila na arewa a zamanin sarki Yerobowam na biyu, wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu. Lokaci ne na wadata, wuraren sujada kuma cike suke da mutane. 'Yan kasuwan da annabin ya tsauta wa suna kiyaye Asabar, ba sa buɗe rumfa a ranar, amma zuciyarsu tana ƙosawa ranar ta wuce su koma cuta.

Cutarsu kashi uku ce. Sun rage girman efa, wato mudun hatsi na lokacin mai cin kimanin lita 22. Sun ƙara nauyin shekel, dutsen da ake auna azurfa da shi, domin a zamanin ba a fara buga tsabar kuɗi ba, auna azurfa ake yi a sikeli. Ta haka matalauci yakan biya fiye da kima, ya tafi gida da hatsin da bai cika ba. Na uku, har sharar alkama suke haɗawa su sayar. Ubangiji kuwa ya rantse ba zai manta da ko ɗaya daga cikin ayyukan nan ba.

Dalilin da ya sa Allah ya damu da mudu

Shari'ar Musa ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a jakarsa ko mudu iri biyu a gidansa. A Littafin Firistoci 19:35-36 an ɗaure wannan umarni da tunin cewa Ubangiji ne ya fito da Isra'ilawa daga Masar. Ma'anar a fili take: mutanen da aka fansa daga zalunci ba su da hujjar zaluntar wani. Wanda ake tauye wa mudu an halicce shi cikin siffar Allah, sau da yawa kuma gwauruwa ce da ta ƙirga kuɗinta daidai abincin 'ya'yanta na kwana biyu.

Ceto ne farko, gyara ya biyo baya

Kada wani ya ɗauka cewa cika mudu ne ke kai mutum Sama. Afisawa 2:8-10 ta nuna cewa ceto kyauta ce ta alherin Allah ta wurin bangaskiya, amma waɗanda aka ceta an shirya su domin kyawawan ayyuka. Labarin Zakka ya bayyana wannan tsari. Shi shugaban masu karɓar haraji ne a Yariko, ya kuma yi arziki. Yesu bai jira ya gyara halinsa kafin ya sauka a gidansa ba. Bayan Yesu ya karɓe shi ne Zakka ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Shari'a a Littafin Ƙidaya 5:7 ta bukaci mai tuba ya mayar da abin ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar ne kawai. Alheri ya kai Zakka inda doka ba ta tilasta masa ba. Saboda haka tuban da bai taɓa aljihu ba yana bukatar a sake duba shi.

A cikin gida

Mudu ba na hatsi kaɗai ba ne. Ma'aikacin da ke sa hannu ƙarfe takwas alhali ƙarfe goma ya iso yana da mudu biyu. Haka magini mai rage siminti, da tela mai riƙe ragowar yadi, da mai gona da ke jan kuɗin 'yan ƙwadago bayan sun gama aiki, abin da Yakubu 5:4 ya yi kashedi a kai.

Gaskiya tana da tsada. Mai cika mudu yana iya samun riba ƙasa da ta maƙwabcinsa, ga kuɗin makaranta yana jira, Littafi Mai Tsarki kuma bai yi alkawarin cewa kowane mai gaskiya zai zama attajiri ba. Abin da ya tabbata shi ne Allah yana gani, yara ma suna gani. Yarinyar da uwarta ta koya mata ƙara ruwa a nono kafin ta fita talla ta riga ta koyi darasin da malamin makarantar Lahadi zai sha wuyar gogewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maƙwabcin da ba ya shiga majami'a kuwa, a bakin rumfa yake auna bangaskiyar Kirista.

Tambayoyi domin iyali

1. A sana'ar gidan nan, ina ne jarabar mudu biyu ta fi ƙarfi?
2. Akwai wanda ya kamata a mayar wa hakkinsa a wannan mako?
3. Ta yaya ekklesiya za ta tallafa wa ɗan'uwan da ya yi asara saboda ya ƙi ha'inci?

Addu'a: Iyali su roƙi Ubangiji gafara inda aka tauye wa wani, su kuma roƙi ƙarfin zuciyar gyarawa tun kafin ranar kasuwa ta zagayo.