Idan Hanyar Jinin Zuciya Ta Toshe

Dukanmu mun san indararo. In laka ta toshe shi da damina, ruwa ba ya wucewa, soro ya lalace. Haka zuciyar mutum take. Tana da hanyoyin jini masu ciyar da ita. Kitse yakan taru a cikinsu har su ƙuntata. Hawan jini da ciwon suga da shan taba suna kawo wannan.

Ga alamunsa. Baba zai ce kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. Ciwon yakan sauka hannun hagu ko muƙamuƙi. Gumi ya karyo, numfashi ya yi wuya. In mun ga haka, kada mu jira gari ya waye. Mu nemi mota nan da nan. Ko daga Gwaram muke, mu nufi asibiti, kamar Asibitin Tarayya na Birnin Kudu.

Likita zai auna bugun zuciya da na'ura, ya ɗebi jini. Wani magani kawai zai ishe shi. Wani kuwa sai an buɗe hanyar. Ba kowane asibiti ke wannan aiki ba. Likita zai ba mu takarda zuwa inda ake yinsa. Mu tambayi kuɗin tun da wuri, dangi su haɗa hannu.

Wani likita, Andreas Gruentzig, shi ya fara wannan aiki a Zurich ta ƙasar Suwizalan a 1977. Ba a tsaga ƙirji. Akan yi allurar kashe zafi a wuyan hannu ko matsematsi. Sai a zura siririyar roba ta hanyar jini har zuciya, ana dubawa a hoto. A bakinta akwai ɗan balan-balan. In an hura shi, sai hanyar ta buɗe. Galibi akan bar 'yar ragar ƙarfe a wurin, don kada ta sake rufewa. Baba yana farke ake yi. Aikin yakan ɗauki awa 1 ko 2. Da yawa akan sallame su washegari. In toshewar ta yi yawa, sai an yi babban aiki na tiyata.

Kafin a fara, za a kawo takarda a sa hannu. A nan karatunmu zai yi rana. Mu karanta, abin da ba mu gane ba mu tambaya. Mu nuna wa likita duk maganin da Baba yake sha, har na gargajiya.

Bayan an dawo gida, aiki ya koma hannunmu. Za a ba shi asfirin da wani magani mai hana jini daskarewa. Zai sha na biyun watanni da yawa. In ya bari don ya ji sauƙi, ragar tana iya toshewa, rai ya salwanta. Mu rubuta lokacin sha, mu manna a bango. Kada wanzami ya yi masa ƙaho, don jinin ba ya saurin tsayawa. Kada ya ɗauki kaya mai nauyi har mako guda. Mu rage gishiri da mai a miya. Kafin azumi, mu shawarci likita.

Su suka yi jinyarmu muna yara. Yau namu ne.

Tambayoyi
1. Faɗi alamu 3 na toshewar hanyar jinin zuciya.
2. Me ya sa ba za a yi wa Baba ƙaho ba?
3. Rubuta a allonka: Kada Baba ya bar shan magani.