Ku daina kashe fitilar inji da almakashi

Ranar wata Juma'a aka sauke mini wani babur daga kan amalanke a ƙofar garejina a Magaria. Sabo ne, ko ledar kujera ba a gama ɓarewa ba, irin masu injekta da suka fara shigo mana. Mai shi saurayi ne daga wani ƙauye a yankin Dogo-Dogo, cikin Dungas. Sa guda mahaifinsa ya sayar, aka cika da kuɗin gyaɗa, aka saya masa don ya riƙa kabu-kabu, ranar Alhamis kuma ya kai mutane kasuwar Maigatari.

Na ce, "Samari, me ya same shi?"

Ya ce, "Baba, lafiya lau yake, kawai ya mutu."

Babu babur da ke mutuwa lafiya lau. Sai da na zaunar da shi na yi ta jan bakinsa kafin labarin ya fito. Tun farkon damina fitilar inji take kamawa ta ɗauke. A kan kwalta ba ta cika kamawa ba, sai ya shiga rairayi yana murɗa kai hagu da dama. Wani lokaci injin ya yi shaƙuwa ya wuce. Ya kai wa wani mai gyara a bakin kasuwa, aka canza buji. Ta dawo. Aka ce mai ne, aka juye tanki. Ta dawo. Daga nan fiyus ya fara ƙonewa. Mutumin nan, Allah ya shirye shi, ya cire fiyus ya naɗa zaren jan ƙarfe a gurbinsa, ya buɗe kan babur ya datse wayar fitilar, ya ce wa yaron, "Ka gani? Ta mutu, matsala ta ƙare." Ya karɓi kuɗinsa.

Da na ɗaga tanki na bi daurin wayoyi da hannu, a wuyan babur na iske abin. Wayoyin suna gogar ƙarfe duk lokacin da aka juya kai, har rigar guda biyu ta cinye. In sun taɓa jikin babur fitila ta kama, in an miƙe kai su rabu ta ɗauke. Aikin salatif da ɗauri ne, ko awa ɗaya ba zai ci ba. Amma da yake babu fiyus da zai tsinke, ranar da suka manne sosai sai wayoyin suka narke har cikin soket, ƙwaƙwalwar injin ta tafi. Ba a samun ta a Magaria. Na tambaya a Damagaram babu, sai an aika Kano, kuma ba lallai a dace da ta asali ba. Yaron ya zauna a kan benci ya yi tagumi, abin da kawai yake maimaitawa shi ne yadda zai gaya wa mahaifinsa. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Fitilar da ke kamawa ta ɗauke ta fi wadda ta tsaya cak wuyar gano dalilinta, shi ya sa malalacin makanike yake gudunta. Ba a gano ta da canza kaya ɗaya bayan ɗaya a aljihun talaka. A fara da batir: kan ya ɗauru? A kashe ya ba da volt 12.6 ko kusa, in inji na aiki tsakanin 13.5 da 14.5, in ya wuce haka ko ya gaza a tuhumi rektifaya. A duba wayar mas. A tayar da inji, a riƙa girgiza wayoyi da soket ɗaya-ɗaya, a juya kai har ƙarshe, ido na kan fitila. Wasu baburan ma da kansu suke faɗin ciwonsu ta yawan ƙiftawar fitilar, in akwai mai haƙurin ƙirgawa.

Ku kuma masu babura kuna da naku laifin. Kuna zuwa ku ce "yana yi yana bari," shi ke nan. Yaushe yake yi? Da sanyin safiya ko in inji ya yi zafi? Bayan kun ratsa ruwa? Bayan wanki? Kusan kowa na da waya a aljihu, ku ɗauki bidiyon fitilar lokacin da take yi. Sannan man kwalba na ƴan ruwa-ruwa: karbirato yana haƙuri da shi, famfon mai da injekta ba sa yi. In dole ce ta sa, a tace da ƙyalle mai tsabta. Masu wanki su daina harba ruwa cikin soket.

Fiyus kuwa, na faɗa zan sake faɗa. In ya ƙone sau biyu akwai wayar da ke taɓa ƙarfe, a nemo ta. Ba a sa waya a gurbinsa, ba a sa takardar sigari, ba a sa wanda ya fi shi lamba. Wanda ya yi maka haka ya cuce ka ko da kyauta ya yi.

Ƴan'uwana makanikai na Magaria, Bande, Wacha, Dungas da Malawa, wanda bai san injekta ba ya ce bai sani ba, ya tura gaba, arzikinsa ba zai ragu ba. Kai kuma mai babur, duk wanda ka ga ya nufi wayar fitilarka da almakashi, karɓi makullinka ka tura abinka ka bar wurin.