Idan Dabba Ta Kwanta: Aikin Malamin Dabbobi da Namu Aikin

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu na Zurmi, Ƙauran Namoda da Shinkafi, akuya ita ce asusun mace, san huɗa kuwa shi ne ƙarfin magidanci. Ranar da sa ya kwanta a tsakiyar damina, gona ta tsaya ke nan. A wannan darasi za mu duba aikin mutumin da muke kira idan ciwo ya tsananta, da kuma abin da ya kamata ya tarar mun yi kafin ya iso.

Wane ne malamin dabbobi?

Likitan dabbobi shi ne wanda ya yi digiri a jami'a, kamar ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko ta Ahmadu Bello a Zariya. Ba su da yawa, galibinsu kuma suna birni. Malamin dabbobi ya yi karatun difloma a kwaleji irin ta Vom kusa da Jos, ko ta aikin gona da dabbobi a Bakura, yana aiki a ƙarƙashin likita. Shi ne ke hawa babur ya zo har garke. Irinsa ne suka bi rugage da allurar rigakafi suna yaƙar bushiya, cutar da ta kashe shanu masu ɗimbin yawa a Nijeriya a 1983, har aka bayyana a 2011 cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Mai tallar magani a kasuwa da kwalabe a cikin rana ba ya cikin wannan lissafi.

Abin da yake fara yi

Mai dabba yakan so a zare allura nan take. Malami nagari tambaya yake fara yi: yaushe ta daina ci? Tana tuƙa? Me ta ci jiya? An shigo da sabuwar dabba daga kasuwa? Mu faɗi gaskiya, har da maganin da muka riga muka ba ta. Daga nan sai ya sa ma'aunin zafi ta dubura. Zafin saniya mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, na akuya da tunkiya yakan ɗan fi haka. Idan ya haura 40, akwai zazzaɓi. Idan kuwa ya sauka ƙasa da 37, kunnuwa suka yi sanyi, dabbar tana bakin mutuwa. Zai ɓare fatar ido ya duba. Idan ta yi fari fat, jini ya ragu, sau da yawa saboda tsutsar ciki, ciwon hanta ko sammore.

Kumburin ciki

Wannan ba ya jira. Dabba ta ci ɗanyen haki da yawa a farkon damina, ko ta faɗa wa hatsi, sai iska ta taru a tumbi. Kwiɓin hagu ya tashi, in ka buga ya yi amo kamar ganga. Tumbin yana danne huhu, numfashi ya gagara, cikin sa'o'i kaɗan a rasa ta.

Kafin malami ya zo, a tsayar da ita gabanta a kan tudu, a ɗaura mata sanda a baki kamar linzami domin ta riƙa tauna tana gyatsa. In tana iya haɗiya, a ɗura wa saniya man gyaɗa kofi ɗaya zuwa biyu, akuya kuwa cokali 5 zuwa 6, a hankali ta gefen baki. Kada a ɗaga kanta sama sosai, kada kuma a ja harshenta. Abin da ya bi ta maƙogwaro ya shiga huhu yakan kashe dabbar da kumburin bai kashe ba. Malami yana da tiyo na roba da yake zurawa har tumbi iska ta fita. Idan abu ya ƙi, sai ya huda kwiɓin hagu da wani ƙarfe mai bututu. Ya san gurbin, ya kuma san yadda zai kula da raunin. Mu kada mu gwada da wuƙa.

A kula kuma da gyauron dawa. Yana da dafi da ke kashewa da sauri, har malami ma ba kasafai yake tarar da dabbar da rai ba.

Zawo

Abin da ke kashe maraƙi ko ɗan akuya mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ka tsinci fatar wuyansa ka saki. Idan ta tsaya ba ta koma da wuri ba, idanu kuma sun faɗa, ruwa ya ƙare. A haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, irin haɗin da iyaye mata suka sani na yara, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kada kuma a hana shi nono. In ya kasa tsotso, sai ƙarin ruwa ta jijiya, aikin malami ke nan. Idan awaki da yawa suka kamu lokaci ɗaya, ga majina, ga kwantsa, ga miki a baki, mai yiwuwa cutar nan ce da ake kira PPR. Ba ta da allurar warkewa, jinya ce kawai, amma tana da rigakafi. A ware marasa lafiya nan da nan.

Jinya

Malami zai yi allura ya tafi, sauran aikin namu ne, kuma a nan muka fi sakaci. Saniyar da ta kasa tashi kada a bar ta kwance ta gefe. A tokare ta da buhun ƙaiƙayi ta zauna a kan ƙirji, a riƙa juya ta bayan kowace sa'a 3 ko 4. A yi mata inuwa, a kawo ruwa da harawa gabanta. Allurar nan da ake kira LA gwargwadon nauyin dabba ake yin ta. Rabin allura don tsimin kuɗi ƙarfafa ƙwayar cutar yake yi. A tambayi malami kwana nawa za a jira kafin a sha nono ko a ci nama, domin maganin yana daɗewa a jiki.

Wadda ba a taɓawa

Idan dabba ta faɗi matacciya farat ɗaya, baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci, baki ko dubura, a yi zaton saifa. Tana kama mutum. A watan Janairu na 2025 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullarta a wata gona a jihar Zamfara. Kada a feɗe, kada a ci, kada a sayar wa mahauci ko da fatar. Ƙwayar cutar tana rayuwa shekaru masu yawa a cikin ƙasa. A nisanta yara da karnuka, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, su za su nuna yadda za a ƙone ta ko a binne ta da zurfi.

Dukanmu mun san halin da hanyoyin yankinmu suka shiga tun da satar shanu da hare-haren 'yan bindiga suka yi ƙamari. Ba adalci ba ne a jira har magariba sannan a ce malami ya taho. Dabbar da ta ƙi ci da safe, a buga waya da safen, ko ta waya ma zai iya faɗa mana abin yi.

Don tattaunawa a ƙungiya: Wa ke da lambar malamin dabbobi mafi kusa da mu? Za mu iya haɗa kuɗi mu sayi ma'aunin zafi guda ɗaya, wa kuma zai koyi amfani da shi? Yaushe aka yi wa awakinmu rigakafi na ƙarshe?